Yadda Za Ka Tsayar Da Zaizayewar Haƙoranka, Daga Gida Har Zuwa Kujerar Likita

Tambayar ɗaya ce, me ke cinye min haƙora, masu yin ta ne kawai ke sauyawa. Wani ya ce ko ruwan randa ya gagare shi sha da safe, da ya kurɓa sai ya ji kamar an soka masa allura. Wata ta ce haƙoranta na gaba sun gajarce, bakinsu ya yi siriri har haske na ratsa shi. Wani kuma ya rantse sau uku yake goge baki a rana, amma kullum haƙoran ƙara yin ruwan ɗorawa suke. Dukkansu sun leƙa ba su ga kogo ba, sai abin ya ɗaure musu kai.

Abin da ke damunsu shi ne zaizayewa. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, amma ba ya tsirowa kamar farce ko gashi. Wanda ya tafi ya tafi ke nan. Shi ya sa nake roƙon a bi matakan nan yadda na jera su. Wanda ya tsallake zuwa ciko alhali bai gano abin da ke cin haƙorinsa ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Mataki na 1: Duba bakinka da kanka

Ka nemi madubi, tocilan waya da ɗan tsumma mai tsabta. Ka tsane haƙoran da tsumman, don yawu yana ɓoye abubuwa da yawa, sannan ka haska. Inda cin yake shi zai nuna maka mai laifin.

Idan gaban haƙoran sama ya yi sumul yana sheƙi kamar tangaran, bakinsu kuma ya yi siriri, tsamin abin da kake ci ko sha ne. Idan bayan haƙoran sama ne ya side, wato ɓangaren da harshe ke taɓawa, to asid ɗin ciki ne ke tasowa. Haka nan ƙananan ramuka a saman turame, kamar an danna kan ashana a sabulu, aikin tsami ne. Mai tsohon ciko zai ga cikon ya yi tsiri sama da haƙorin, domin haƙorin da ke kewaye da shi ya narke ya bar shi.

Idan ka ga wata tsaga a gindin haƙori daidai bakin dasashi, kamar an sari itace da gatari, wannan aikin hannunka ne, da buroshi ko aswaki. Mai amfani da hannun dama ya fi samun ta a gefen hagu. Idan kuwa saman haƙoran ya baje, na sama da na ƙasa suna haɗuwa daram kamar dutsen niƙa da ɗansa, cizon haƙora ne, galibi a cikin barci. Yawancin mutane biyu ko uku ne suka haɗe musu: tsami ya tausasa, buroshi ya kwashe.

Ka ɗauki hoto uku, gaba, sama da ƙasa, ka ajiye da kwanan wata.

Gargaɗi: ciwon da ke tashin ka daga barci, ko zugin da ke ci gaba bayan ka gama shan abu mai sanyi ko zafi, ko kumburi, waɗannan sun wuce gyaran gida. Ka tafi mataki na 7 a cikin makon nan.

Mataki na 2: Rubuta abin da ke shiga bakinka na kwana huɗu

Wannan ne matakin da aka fi rainawa, kuma shi ya fi kowanne tona asiri. Kwana huɗu a jere, ka haɗa da ranar da ba ka zuwa aiki. Duk abin da ka ci, ka sha, ko ka tsotsa, ka rubuta shi da lokacinsa, ka kuma rubuta lokacin da ka goge baki.

Sannan ka ja layi a ƙarƙashin masu tsami. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH: ruwa zalla yana kan 7, kuma iya saukar lambar iya ƙarfin tsamin. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan aka sauka ƙasa da 5.5. Baƙin lemun kwalba yana wajen 2.5, lemun tsami ma kusan nan ko ƙasa, zoɓo da tsamiya suna kewayen 3, lemun zaƙi bai kai 4.5 ba. Kowace lamba ɗaya a ma'aunin ninki goma ce, saboda haka tazarar 5.5 da 2.5 ninki dubu ce. Lemun kwalbar da aka rubuta babu sukari a jikinsa, tsaminsa na nan daram. Ka saka lemun ƙara kuzari a lissafi, da ƙwayar bitamin C ta taunawa, da ruwan khal da wasu ke sha don rage ƙiba, da agwaluma, da ɗanyen mangwaro mai gishiri da barkono, da tsamiyar da ake tsotsa. Duk abin da muke cewa ya kashe mana haƙora, mutuwar nan da muke ji alama ce ta cewa tsamin ya taɓa haƙorin.

Abin da za ka ƙirga shi ne sau nawa, kuma tsawon wane lokaci. Bayan kowane tsami, yawu na bukatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya wanke shi ya fara mayar da taurin saman haƙori. Mai shanye kwalba ɗaya lokacin cin abinci ya kai wa haƙoransa hari sau ɗaya. Mai ajiye kwalbar kusa da shi yana kurɓa daga azahar har la'asar, bai bar yawun ya yi aikinsa ko sau ɗaya ba.

Na taɓa ganin takardar wani magidanci, ɗan shekara arba'in da wani abu, wanda ba ya shan lemun kwalba ko kaɗan, yana kuma alfahari da hakan. Layin farko na kowace rana iri ɗaya ne: ƙarfe shida, ruwan ɗumi da lemun tsami biyu don rage tumbi, shida da minti biyar, goge baki. Shekara uku yana haka. Haƙoransa na gaba sun zama kamar gilashin fitila, ɗaya har ya ɓantare a gefe. Mutumin nan lafiya yake nema, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa minti biyar ɗin nan ne ke cinye masa haƙora, kuma abin ya tsaya min a rai har yau.

Nono da kindirmo suna da tsami a baki, amma suna ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa, don haka ba sa cin haƙori kamar sauran. Mai fura da nono ya ci gaba da abinsa, ya dai rage sukari.

Mataki na 3: Sauya yadda kake sha

Ban ce ka bar zoɓo har abada ba. Ka mayar da masu tsami lokacin cin abinci, ka shanye a zama ɗaya. Kada ka riƙe a baki, kada ka riƙa wasa da shi tsakanin haƙora. In da tsinken shan lemo, ka tura shi can bayan haƙoran gaba. Da ka gama, ka kurkure da ruwa. Cingam marar sukari na minti goma yana tayar da yawu. Tsakanin abinci da abinci, ruwa.

Gargaɗi: kada ka sha abu mai tsami dab da kwanciya. Yawu yana raguwa ƙwarai a cikin barci, tsamin zai kwana a kan haƙoran.

A watan azumi a ƙara kula. Baki ya wuni a bushe, sai a buɗe shi da zoɓo, a bi da kunun tsamiya, a bi da lemo, ana kurɓa har bayan tarawihi. Ka fara da dabino da ruwa, ka sha mai tsamin tare da abincin, ka rufe da ruwa.

Mataki na 4: Magance tsamin da ke tasowa daga ciki

Asid ɗin ciki ya fi duk abin da ke cikin kwalba ƙarfi, yana iya sauka zuwa 1 ko 2 a ma'aunin nan. Idan kana fama da ƙwannafi, ko gyatsa mai tsami, ko kana tashi da safe da ɗaci a baki da dusashewar murya, ka ga likitan ciki. Wasu ba sa jin ƙwannafin sam, haƙoransu ne ke fara nunawa. Kafin ka samu ganinsa, ka bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ka kuma ɗaga gadon ta wajen kai.

Gargaɗi, musamman ga mai laulayi: idan kin yi amai, kada ki ɗauki buroshi. Na san bakin ba daɗi, amma a wannan lokacin saman haƙorin ya yi laushi. Ki kurkure da ruwa, ko ki narkar da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa ki kurkure ki zubar. Bayan awa ɗaya sai ki goge.

Bushewar baki ma tana buɗe wa tsami ƙofa. Ciwon sukari na kawo ta, haka wasu magungunan hawan jini, na mura da na damuwa. Kada ka daina maganinka da kanka, ka gaya wa wanda ya rubuta maka. Mai shaƙa maganin asma ya kurkure baki bayan kowace shaƙa.

Mataki na 5: Gyara kayan goge baki da yadda kake gogewa

Buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. Da yawanmu mun ɗauka mai tauri ya fi fitar da datti, har akwai mai taɓa gashin a shago ya ajiye in ya ji laushi. Dattin da ake son cirewa yana da laushi kamar kamu, ba ya bukatar ƙarfi. Wanda ya riga ya daskare ya zama dutse kuwa, ko da buroshin wanki ba zai fita ba sai a asibiti.

Man goge baki: ka juya kwalin ka nemi lambar NAFDAC da adadin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Na manya ya kasance tsakanin 1,350 da 1,500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid da ake rubutawa a kwalin. In ka samu wanda aka rubuta stannous fluoride a cikin sinadaransa, ya fi dacewa da mai zaizayewa, domin yana barin wani siririn rufi da ke jure tsami. Mai fama da jin sanyi ya nemi na masu wannan matsala, ya ba shi mako biyu zuwa huɗu kafin ya yanke hukunci, yana kuma iya shafa kaɗan da yatsa a gindin haƙorin kafin ya kwanta. A guji man da aka ce yana sa haƙora fari ƙal, da mai gawayi, yawancinsu sun fi kaushi.

Yadda za a yi: sau biyu a rana, minti biyu, na daren shi ne ba a bari. Ka riƙe buroshin da 'yan yatsu kamar biro, ka karkata gashin wajen dasashi, ka riƙa ƙananan zagaye. Ka daina gurzar nan ta gefe zuwa gefe kamar mai zarto, ita ke sare gindin haƙori. Idan gashin buroshinka yana bajewa kafin wata uku, hannunka ya yi nauyi. Da ka gama ka tofar da kumfar, amma kada ka kurkure da ruwa, don fuloraid ɗin ya zauna ya yi aiki. Wannan zai yi maka bambaraƙwai kwana biyu, sannan ka saba.

Gargaɗi: bayan cin abu mai tsami ka jira aƙalla rabin awa, in da hali awa ɗaya, kafin ka goge. Mafi sauƙi da safe shi ne ka goge kafin karin kumallo.

Aswaki yana da amfani, kuma babu dalilin barinsa. Matsalar tana wajen yadda ake yi. Ka jiƙa shi, ka tauna bakin har ya yi laushi kamar gashi, ka riƙa sharewa daga dasashi zuwa bakin haƙori. Ka yanke tsohon bakin a kai a kai. Wanda ke dirzar wuri ɗaya da busasshen aswaki kowace sallah, yana hira yana dirza, shi ne ke zuwa da tsaga a gindin fiƙa. Aswaki kuma ba ya maye gurbin man da ke da fuloraid, a haɗa su.

Gawayi, toka, gishiri, da haɗin lemun tsami da bekin soda da ake yaɗawa a waya, duk gyaran gangar Auzinawa ne. Haƙorin zai yi haske kwana biyu saboda an kankare samansa. Da ɓawon ya yi siriri sai launin sashen ciki, wanda dama ruwan ɗorawa ne, ya fito fili, mutum ya ƙara gurza, abin ya ƙara lalacewa.

Mataki na 6: Daina mayar da haƙori kayan aiki

Buɗe kwalba, tauna ƙanƙara, fasa ƙashi, gwaguyar goruba, busasshiyar aya da ba a jiƙa ba, riƙe allura ko ƙusa a baki, tsinka zare. Haƙorin da ya riga ya yi siriri ba ya ɗaukar ko ɗaya. Masu zuwa a feƙe musu haƙora don a yi wushirya, ko a goge lafiyayyen haƙori don a ɗora na Makka, su sani ɓawon da aka cire ba zai dawo ba.

Mataki na 7: Je wurin likitan haƙori, ka san abin da za ka nema

Ka tafi da takardar kwana huɗun, da hotunan, da kwalayen magungunan da kake sha. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi. In asibitin kuɗi za ka, ka tabbatar likita ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya.

Farko bincike. Akwai wani tsarin awo da likitoci da yawa ke bi, inda ake raba baki kashi shida, a ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon cin da ya yi. Ka roƙa a rubuta a fayil ɗinka, don da shi za a gane nan gaba ko abin ya tsaya.

Na biyu wankin haƙora, idan akwai daskararren datti. Mutane na tsoron sa, wai yana rage haƙori ko ya sa shi girgiɗi. Dattin ake cirewa. Giɓin da ake gani bayan wanki dama yana nan, dattin ne ya toshe shi. Jin sanyi na 'yan kwanaki bayan wankin yana wucewa.

Na uku shi ne shafa fuloraid mai ƙarfi, kuma a nan nake so ka dage. Wani mai ne mai danƙo da ke ɗauke da 22,600 ppm, wato ya ninka na man goge baki kusan sau goma sha biyar. Za a tsane haƙoran, a shafa da ɗan ƙaramin buroshi, ya daskare da yawu ya taɓa shi. Babu allura, babu injin haƙa, 'yan mintuna an gama. Ana maimaitawa sau biyu a shekara, mai matsala sosai har sau huɗu. Bayan an shafa kada ka ci ko ka sha na rabin awa, ka tsaya kan abinci mai laushi na wasu awanni, sannan ka bi abin da likitan ya ce game da lokacin da za ka koma goge baki.

Gargaɗi: ka faɗa kafin a shafa idan filasta na sa fatarka ƙaiƙayi ko ƙuraje, ko an taɓa kwantar da kai saboda asma, ko kana da gyambo a baki.

Likita na iya rubuta maka man goge baki mai 5,000 ppm. Na wanda ya kai shekara 16 ne, a ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Idan an ba ka ruwan kurkure baki mai fuloraid, ka yi amfani da shi a wani lokaci daban, kamar bayan abincin rana. Gindin haƙorin da ya buɗe yana jin sanyi kuma ana iya lulluɓe shi da wani siririn gam, wanda ake sabuntawa in ya goge.

Na huɗu, ga mai cizon haƙora, robar dare. Alamomin cizon su ne tashi da ciwon muƙamuƙi ko ciwon kai a gefen kunne, kuma sau da yawa abokin kwana ne ke fara jin ƙarar. Za a ɗauki awon haƙoranka da wani abu mai kama da kwaɓin fulawa, a ƙera robar daidai bakinka, ka dawo a gwada. Ba ta hana cizon, amma ita za ta riƙa sidewa a madadin haƙoran. Ana wanke ta da ruwan sanyi da sabulu, ruwan zafi na lanƙwasa ta.

Gargaɗi: mai ƙwannafin dare ya fara magance shi kafin ya sa roba, don tana iya riƙe asid ɗin a kan haƙoran har gari ya waye.

Mataki na 8: Ciko, da lissafin kuɗi

Sai an tabbatar cin ya tsaya ake maganar gyara. Tsagar gindin haƙori ana cike ta da farin ciko, ko da wani simintin haƙori mai sakin fuloraid a hankali. Wannan simintin da man goge baki mai fuloraid duk Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su a jerin muhimman magunguna a 2021. Haƙoran gaba da suka gajarce ana iya ƙara musu tsawo da farin ciko ba tare da an goge komai ba, kuma in ya ɓantare ana gyara shi a zama ɗaya. Hular haƙori, wato rufin da ake kifa wa haƙorin gaba ɗaya, ita ce ta ƙarshe, domin kafin a ɗora ta sai an ƙara rage haƙorin da dama ya ragu. In aka ce maka hula tun zuwan farko, ka tambayi dalilin da ya sa ciko ba zai yi ba.

Kuɗi yana hawa ne daidai da jerin nan. Buroshi da man goge baki su ne mafi araha, sai kati da ganin likita, sai shafa fuloraid da wanki, sai ciko, sai robar dare mai kuɗin ƙira, sai hula da cire jijiyar haƙori can sama. Ciko da hula kowane haƙori da kuɗinsa, kuma zaizayewa ba ta kama haƙori ɗaya. Ka nemi a rubuta maka jerin aikin da farashin kowanne, ka tambayi wanne ne na gaggawa wanne zai iya jira. Asibitin gwamnati ya fi sauƙin kuɗi, sai dai layi da yawan dawowa. Mai inshorar lafiya ya tambayi abin da ta ɗauke masa kafin a fara.

Mataki na 9: Bibiya, da haƙoran yara

Duk wata shida ka sake hoto uku irin na farko, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ka gwada. Ka lura da launi ma: wurin da ya side idan ya fara kama launin shayi ko goro, yawanci alama ce cin ya lafa. Wanda kullum yake fes yana sheƙi, har yanzu ana cin sa.

Ɓawon haƙoran nono ya fi na manya siriri. Kada a zuba wa yaro lemo ko zoɓo a fida ya kwana yana tsotsa. Ƙasa da shekara uku, man goge baki mai aƙalla 1,000 ppm kamar ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake ƙarama, babba na tsaye don kada ya haɗiye. Turamen dindindin na farko suna fitowa wajen shekara shida, na biyu wajen sha biyu, kuma a lokacin ne likita zai iya toshe lungunan samansu da gam don hana kogo.

Gargaɗi: a wasu yankuna, kamar Kaltungo a jihar Gombe, da Langtang a Filato, da Tibiri ta jihar Maraɗi a Nijar, an samu ruwan rijiya ko na burtsatse mai fuloraid fiye da kima, har yana bar wa yara fararen ɗigo ko jan tabo a haƙora. Idan garinku ana ganin irin wannan, ka gaya wa likitan inda kuke ɗebo ruwan sha kafin ya rubuta wa yaro wani ƙarin fuloraid.